Fuskar Jafaru Mai Burodi

Jamilu ya iya zane, wannan babu mai musu. Matsalarsa ɗaya ce, kuma duk 'yan guruf ɗinsu na masu zane sun san ta: mutum goma zai zana a shafi, dukansu su fito da fuska ɗaya. Direba, liman, ɓarawo, har tsohuwa mai ƙosai, in ka cire mata ɗankwali, ita ma mutumin nan ne mai faffaɗan goshi da lumsassun idanu. 'Yan guruf sun ɗauka rashin ƙwarewa ne. Jamilu kuwa ya san ko wane ne. Yayansa ne Zakariyya, wanda 'yan bindiga suka harbe a gona daminar bara, a ƙauyensu Tungar Ɗinya da ke bayan Dauran.

Bayan sadakar bakwai ya kwaso mahaifiyarsu suka dawo Kaura Namoda, ya kama aikin rubuta allunan shaguna da fenti. Bai yi kuka ba ranar da aka kashe yayan, bai yi ba daga baya. Abinci yana ci, salla yana yi, in an ce masa sannu ya ce yauwa. Amma abin da ke ƙirjinsa ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ta ka san taka ce, ba ka jin komai. Zanen ma ba don yana masa daɗi yake yi ba, hannu ne ya saba.

Guruf ɗin na waya ne, sunansa Zauren Masu Komik. Komik shi ne labarin da ake bayarwa da zane, a raba shafi gida-gida, kowane gida da abin da ke faruwa a cikinsa da maganar da ake yi. Su sittin ne da 'yan kai, daga Gusau, Sakkwato, har da mutum biyu daga Maraɗi. Wadda ta buɗe shi Malama Salima ce, malamar firamare a Shinkafi. Duk Asabar takan bi zanen kowa ɗaya bayan ɗaya, ta yaba, ta gyara. Mutuniyar kirki ce ƙwarai. Allah ya ba ta haƙuri da masu koyo, sai dai bai ba ta taƙaita magana ba, saƙon muryarta ɗaya sai ya yi minti tara.

Wata Asabar saƙon ya faɗo kan Jamilu.

"Jamilu ƙanena, hannunka ya faɗa, wallahi. Dubi yadda kake zana tufafi, dubi inuwa. Amma mutanenka duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kada ka karaya, kowa ta nan ya biyo, ni da na fara duk matan da nake zanawa ni ce. Fuska ba daga ka ake ƙago ta ba. Ɗauki littafinka ka tafi tasha, ka nemi benci ka zauna, ka yi ta kwasar fuskokin mutane…"

Nan ya kashe, a minti na uku. Tun rasuwar ba ya iya sauraron kowa ya wuce haka, kunnen sai ya rufe da kansa. A minti na bakwai ne ta faɗi abin da ya fi komai, ta ma maimaita shi sau biyu: in ka ɗauko fuskar mai rai, ka sauya mata abu uku ko fiye kafin ta shiga labari, ka ɗauki hancin wannan ka haɗa da haɓar wancan, kada ka taɓa sa mutum ɗungurungum. Duk ɗan guruf da ya saurara har ƙarshe ya ji wannan. Jamilu bai kai can ba.

Da safe ya tafi tashar da motocin Zurmi ke lodi. Ya zana mutum huɗu, huɗun duka suka koma Zakariyya tun kafin ya kai ga baki. Sai idonsa ya sauka kan wani dattijo yana ɗaure akwatin burodi a bayan babur. To fa, wannan fuska ko makaho ya shafa ta ba zai manta ba. Tabo ya raba girarsa ta hagu biyu, ga wushirya, ga kunne ɗaya da aka gutsure wa gefe, ga jar hular sanyi a kai ana tsakiyar zafi.

Dattijon ya lura. Ya ce, "Kai ɗan samari, mi kaka rubutawa kana kallona?"

"Zane nake koyo, Baba."

"Zane? To zana ni da kyau. Ni ban taɓa ɗaukar hoto ba in ba na katin zaɓe ba, shi ma kamar an taso ni daga barci."

Sunansa Jafaru. Kullum da safe yakan ɗauki burodi daga gidan burodin da ke bayan tasha ya bi ƙauyukan hanyar Zurmi yana ba masu shayi. Ya hau babur ya gyara zama, ya ƙame, har da riƙe numfashi. Minti goma Jamilu ya yi yana zana shi. Da ya gama, Jafaru ya leƙa, ya kwashe da dariya, ya kira abokan tafiyarsa su zo su gani, sannan ya zaro burodi ɗaya ya ajiye masa a cinya ya tayar da babur.

Jamilu ya zauna yana kallon takardar. Karo na farko a shekara guda, fuska ta fito daga hannunsa ba ta Zakariyya ba. Ba za a ce ya yi murna ba, murna ta yi masa nisa. Abin da ya ji kawai shi ne ba ya son taɓa ko layi ɗaya a cikinta, kada ta lalace.

A lokacin yana tsakiyar zana wani labari ne na ƙauyen da ake kai wa hari, kuma akwai infoma a cikinsa, wato mai tsegunta wa 'yan bindiga motsin mutanen gari. Ya daɗe da barin gurbin fuskar infoman fari fat, don hannunsa ya ƙi sa Zakariyya a wurin. Yanzu ga fuska ta samu. Ba mugunta ba ce, wallahi, mugunta ma sai da zuciya ake yin ta. Ya kwashe ta yadda take ya zuba, tabo da wushirya da kunne da jar hula. Da ya ga kusurwar gida na huɗu ta yi fayau, sai ya cike ta da babur da akwatin burodi. Ga mutum a bayan itace, waya a kunne, yana cewa: "Sun fito gona, su huɗu ne, babu mai bindiga."

Ya ɗauki hoton shafin ya tura guruf.

Kai, ranar guruf ya ɗauki zafi. Imrana na Gusau ya rubuta, "Wannan infoma kamar zai fito daga waya ya shaƙe ni!" Wani ya ce a ba Jamilu sarautar zaure. Wani ya ce shi daga yau tasha zai koma da zama. Godwin, wanda ke aiki a wani shagon magani a nan Kaura, haifaffen garin ne, Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da wasunmu, ya ce kamar ya san fuskar nan, amma maganarsa ta nutse cikin yabo. Malama Salima kuwa shiru, sabis ya ɗauke a wajensu kwana uku. Jamilu ya karanta yabon duka, ya rubuta "Na gode," ya koma ga fentinsa.

Imrana ne, don jin daɗi da alfahari da ɗan guruf, ya yanke gida na huɗu shi kaɗai ya tura wa abokansa. Daga nan hoton ya kama hanya. Ya bar sauran gidajen a baya, ya bar sunan labarin, ya shiga guruf ɗin 'yan kasuwa, ya shiga na 'yan acaɓa. Wani wanda Allah kaɗai ya san shi ya ƙara masa rubutu a ƙasa: "Ƙanen wanda aka kashe a Tungar Ɗinya ne ya zana shi. A kula da mai wannan kama."

Ranar Alhamis da hantsi Jamilu na kan tsani yana rubuta allon wani tela, sai ga Godwin a kan babur, ko kashe shi bai yi ba.

"Sauko. Mai burodin nan da ka zana, 'yan sintirin ƙauyenku sun kama shi tun da safe. Masu shayin tasha ne ke maganar. Sun ce yau za su gama da shi."

Jamilu ya sauko a hankali, ya rufe gwangwanin fenti, har da danna murfin da dunduniya. Ya san abin da aka faɗa masa babba ne, ya tsaya yana jiran ya ji shi a jikinsa, bai ji ba. Wayarsa ta yi ƙara. Malama Salima ce, sabis ya dawo, kuma yau maganarta ba ta da tsawo.

"Jamilu, fuskar nan ta mai rai ce?"

"E, Malama. An kama shi."

Ta yi salati. Sannan ta ce, "Ɗauki littafin gaba ɗaya ka tafi yanzu. Kada ka yage ko shafi ɗaya, su ga labari ne. Ƙanena, kai kaɗai za su saurara."

Godwin ya sauka daga babur ya miƙa masa. "Ni ka san ba zan iya bin ka can ba. Akwai mai a ciki."

Rabonsa da hanyar nan tun ranar da suka taso. Ya wuce shingen jami'an tsaro, ya wuce Dauran, ya saki kwalta ya shiga burji. Ya wuce ta gefen gonarsu. Wani ya shuka dawa a cikinta, ta kai gwiwa, an yi mata noman farko da kyau. Ya kalle ta kamar gonar kowa, ya ƙara wuta.

A ƙofar gidan Maigari ya same su. Mutane sun yi da'ira, ga 'yan sintiri da bindigoginsu na gida. Jafaru na ƙasa, an ɗaure masa hannu ta baya, fuskar ta kumbura har tabon girar ya ɓace a ciki. Babur ɗinsa na kwance an fasa tankin, burodi ya watse, awaki na ci.

Abin da Jamilu bai zata ba shi ne maraba. Suna ganinsa wuri ya ɗauki sowa. Jabiru, shugaban 'yan sintirin, aminin Zakariyya ne, shi ya ɗauko gawar daga gona a kafaɗarsa. Ya taho ya rungume Jamilu, idanunsa jajur.

"Allah shi yi maka albarka. Shekara guda muna biɗar wanda yas sai da ɗan'uwanmu. Ashe kai ka sani kay yi shiru, sai da ka samu dabara."

Jamilu ya zame daga hannunsa, ya je ya durƙusa gaban Maigari. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙage ne. Labari ne nake zanawa. Mutumin nan a tasha na gan shi sau ɗaya, ban san komai a kansa ba."

Guna-guni ya tashi. Jabiru ya ce, "Tsoro kaka ji. Kak ka ji tsoron kowa, muna nan."

"Ba tsoro ba ne, Yaya Jabiru."

Ya miƙa littafin. Maigari, tsoho mai sanyin hali, ya sa tabarau ya buɗe shafukan farko, ya ga direbobi da masu talla, ya ga Jafaru a kan babur yana murmushi, ya ga gidajen labarin a jere. Ya daɗe a kai. Sannan ya ɗago.

"To in ƙage na, mi yas sa shi? Tasha cike take da mutane."

Jamilu ya nemi amsa, bai samu wata ba sai ta gaskiya. "Fuskarsa ce ta yi daɗin zanawa."

Haba! Da ya yi shiru ma da ya fi. Wa zai yarda an sa rayuwar magidanci a bakin bindiga don fuskarsa ta yi daɗin zanawa? Mutanen nan sun binne 'yan'uwansu, sun kwana a daji, shekara guda suna son a nuna musu mutum ɗaya su ce shi ne. Ga shi an nuna musu, da hannun ƙanen mamaci, yanzu kuma a ce wasa ne. Wani daga baya ya ce an saye yaron. Wani ya ce a daina ɓata lokaci. Biyu daga cikin 'yan sintirin suka kama Jafaru ta hammata suka fara jan sa.

Jamilu bai iya roƙo ba, bai iya ihu ba, babu abin da zai yi su da shi. Abin da ya iya shi ya yi. Ya karɓi littafin, ya zauna dirshan a ƙasa, ya buɗe sabon shafi, ya zaro fensir. Ya ja gida. Ya tsayar da itace. Ya sa mutum a bayansa da waya a kunne. Masu jan Jafaru suka tsaya kallo, don mutum ba ya ganin ana zane ya wuce. Ya ɗaga kai ya dubi Jabiru sau uku, ya sa masa tsagar kumatunsa, ya sa layar da ke damtsensa, ya sa haƙorin da ya karye. Ya rubuta maganar nan dai: "Sun fito gona, su huɗu ne, babu mai bindiga." Minti biyar bai cika ba ya miƙa wa Maigari.

Wani da ke leƙe ta kafaɗar Maigari ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri. Littafin ya zaga hannu uku ya isa ga Jabiru. Ya kalla, ya sake kalla, sannan ya ɗauke Jamilu da mari. Jamilu ya ji ƙarar marin sosai, zafin ne ya zo masa daga nesa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, duk wanda ke wurin nan zan iya sa shi bayan itacen nan kafin azahar. Ba sani ba ne, hannu ne kawai."

Jabiru ya jefar da littafin, ya juya baya, ya tafi ya dafa bango. Kafaɗunsa na motsi. Babu wanda ya bi shi.

Maigari ya cire tabarau ya ce, "Ku kwance shi." Da aka kwance, ya dubi Jafaru. "Bawan Allah, ka yi haƙuri. Amma kak ka sake biyo hanyag ga. Nan na hana, to hoton ya kai garuruwan da ba ni da iko da su." Ya juyo ga Jamilu. "Kai kuma albarkacin mahaifinka kaka tahiya da ƙafafunka. Tashi ka ba ni wuri."

Haka Jamilu ya goyo Jafaru a babur ɗin Godwin, dattijon ya kifa kai a bayansa har Kaura.

Da la'asar suna zaune a benci a bayan shagon magani. Godwin ya wanke raunukan, ya ɗaure masa hannu, ya ce gobe lallai a je asibiti a duba haƙarƙari. Wayar Jamilu na ta ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba. Imrana ya fito ya amsa laifinsa, yana ta ba da haƙuri. Malama Salima ta rubuta doka kan zana fuskar mai rai ta kafe ta a saman guruf, da manyan baƙaƙe, a layi biyu. An haɗa sanarwa cewa hoton ƙage ne, mai burodi ba shi da laifi, kowa ya tura. Sun tura kuwa, su sittin ɗin nan, amma wa ke tura gyara gaba? Sauran saƙonnin duk nasa ne: kada ka daina zane, kuskure ne, kowa na yi, hannunka baiwa ce, muna tare da kai. Mutanen kirki ne, da zuciya ɗaya suke faɗa. Ya karanta kamar yana karanta allon shagon wani, ya mayar da wayar aljihu.

Jafaru ya motsa. Da ido ɗaya yake gani, ɗayan ya rufe. Ya ce, "Mai zane."

"Na'am, Baba."

"Nuna mani abin. Sun yi ta kanga mani waya ga fuska, amma lokacin ido ba shi gani."

Jamilu ya buɗe littafin ya riƙe masa. Dattijon ya matso da kai, ya daɗe yana kallon mutumin da ke bayan itace. Ba ya karatun boko, sai ya sa yatsa kan rubutun ya ce a karanta masa. Jamilu ya karanta. Jafaru ya gyaɗa kai a hankali.

"Wanga ai ni na. Ko ni nig gani sai in yarda."

"Baba, ka yafe mini."

Jafaru bai ɗago ba. Idonsa na kan takardar. Can ya ce, "To shi wanga mutum, mi yaf faru da shi daga baya?"

Babban yatsan Jamilu na kan gefen shafin. Shafi biyu gaba, an riga an zana, har an bi da biro. Mutanen gari sun kewaye infoman da sanduna, gida na ƙarshe babu kowa a ciki sai takalminsa ɗaya a ƙasa. Ya danne gefen takardar.

"Ban kai nan ba tukuna, Baba."

"To in ka kai, ka bar shi shi koma gida. Ɗiya shida gare shi, babbar ba ta wuce sha biyu ba."

Jamilu ya ce to. Ya rufe littafin ya ɗora a cinya, sai a lokacin ya ji zafin marin nan ya iso kumatunsa. Ya dafe wurin da hannu, zafin bai daina ba.